Man tsohon taransifoma: gubar da Nijar ta yi alƙawarin kawarwa kafin ƙarshen 2028

Cikin wasu tsofaffin taransifomomin wutar lantarki akwai mai da ke ɗauke da sinadarin PCB, wanda ke haddasa ciwon daji kuma yake shekaru gommai bai lalace ba. Duniya ta daina ƙera shi tuntuni, amma abin da aka riga aka zuba cikin na'urori na nan, kuma ba a gane shi da ido.

Duk wanda ya tashi a birni ya san wannan daren. Ana tsakiyar zafin watan Afrilu, kowane gida fanka na juyawa, firiji na aiki, sai a ji ƙara kamar ta bindiga, unguwa ta yi duhu. Kafin gari ya waye labari ya kai ko'ina: taransifoma ya ƙone. Daga nan tambaya ɗaya ce a bakin mai sayar da ƙanƙara, da tela, da mai cajin waya: yaushe za a kawo sabo?

Ranar da aka kawo sabon, yara na tsalle, manya na hamdala. Tsohon kuwa a ɗora shi a mota a tafi da shi, a bar baƙin tabon mai a gindin turke, inda awaki ke kwanciya kuma yara ke wasan ƙwallo. Da wuya ka ji wanda ya tambayi inda aka nufa da shi, ko abin da za a yi da man da ya rage a cikinsa.

Wannan tambayar da ba a yi ita ce ƙasashe sama da 180 suka ɗaure kansu da amsawa a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm, wadda jamhuriyar Nijar ta amince da ita a 2006. Yarjejeniyar ta ba da wa'adi biyu: a daina aiki da na'urorin da ke ɗauke da PCB zuwa 2025, sannan a lalata man da na'urorin ta hanyar da ba za ta cuci mutane da muhalli ba zuwa 2028. Wa'adin farko ya cika. Na biyun na bakin ƙofa.

Mene ne PCB?

Taransifoma na ɗaukar zafi sosai idan yana aiki, shi ya sa ake nutsar da wayoyin jan ƙarfen da ke cikinsa a cikin mai. Man na sanyaya shi, yana kuma hana wuta tsallakawa daga wannan waya zuwa waccan. Matsalar man fetur da dangoginsa ita ce suna kama wuta. A 1929 aka fara ƙera wani sinadari a Amurka da ya magance wannan damuwa: ba ya saurin kamawa da wuta, zafi ba ya lalata shi, ba ya ruɓewa. Shi ne PCB, wanda a zahiri dangi ne na sinadarai iri 209 masu ɗauke da kulorin.

Kamfanoni sun yi rububinsa. Monsanto na Amurka ya sayar da shi da sunan Aroclor, Bayer na Jamus da sunan Clophen, a Japan ana kiransa Kanechlor. A Faransa, inda kayan lantarkin ƙasashenmu da yawa suka fito bayan samun mulkin kai, sunan da aka fi sani shi ne Pyralène. Ban da taransifoma, an zuba shi cikin ƙananan na'urorin adana caji na injuna da tsofaffin fitilun neyon, da fenti, da man injunan ɗaga kaya, da takardar kwafi. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi ya nuna an ƙera tsakanin tan miliyan 1 zuwa miliyan 1.5 a duniya.

Halin da ya sa aka so shi, shi ne ya zama masifa. A 1966 wani masanin sinadarai a Suwidin, Sören Jensen, ya gano PCB a jikin kifaye da gaggafa, alhali ba shi yake nema ba. Da aka faɗaɗa bincike sai aka tarar ya bazu ko'ina. A ƙarshen shekarun 1980 an same shi da yawa a nonon matan ƙabilar Inuit da ke can arewacin Kanada, inda babu masana'anta ko ɗaya. Iska da ruwan teku ne suka kai shi, ya bi ta kifi da naman dabbobin ruwa ya shiga jikinsu.

PCB ba ya narkewa a ruwa, kitse yake bi. Idan ya shiga jikin ƙaramin kifi sai ya zauna. Babban kifi ya ci ƙananan ya tara nasu. Mutum ya ci babban ya tara duka. Wasu nau'o'insa kan shekara goma ko fiye kafin rabinsu ya bar jikin mutum. Amurka ta haramta ƙera shi a 1979, Faransa ta hana sayar da sabbin na'urori masu ɗauke da shi a 1987. A 2013 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Ana kuma danganta shi da cutar hanta, raunin garkuwar jiki, matsalar haihuwa, da tawayar ƙwaƙwalwar jarirai tun suna ciki.

Ranar da ya shiga man girki

Abin da PCB ke yi wa mutum an gan shi ƙuru-ƙuru a Japan a 1968. A wata masana'antar man dusar shinkafa da ke tsibirin Kyushu, ana amfani da PCB a bututun da ke ɗumama man. Sinadarin ya tsiyaya cikin man girki, aka ɗura a gwangwanaye aka kai kasuwa. Tun a farkon shekarar kaji kusan 400,000 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da ragowar man masana'antar, amma ba a farga da wuri cewa mutane ma na cin irin wannan mai ba.

Cikin ƴan watanni asibitoci suka cika da mutane masu manyan ƙuraje a fuska da jiki, fata da farce da dasashi sun yi baƙi, idanu na zubar da ruwa, ga kasala da ciwon gaɓoɓi. Mutum kusan 14,000 ne suka kai kuka. Matan da suka ci man suna da juna biyu sun haifi jarirai ƙanana masu duhun fata. Cutar ta samu suna Yusho, ma'ana cutar mai, kuma har yau akwai masu fama da ita. A 1979 irin haka ta sake faruwa a Taiwan, ta shafi mutum kusan 2,000. Likitocin da suka bi ƴaƴan matan da abin ya shafa tsawon shekaru sun tarar suna baya a fahimta idan an gwada su da tsaransu.

Misali na uku ya fi kusa da irin haɗarin da ke gabanmu. A watan Janairun 1999 a Beljiyam, mai mai ɗauke da PCB ya shiga cikin tsohon kitsen da ake tattarawa don haɗa abincin dabbobi. PCB ɗin bai wuce kilo 50 ba, amma ya gurɓata tan 500 na abincin kaji da aladu. Kaji suka fara mutuwa, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa. Da labari ya fito a watan Mayu, an rufe gonaki fiye da 2,000, an hallaka miliyoyin kaji, ƙasashe suka daina sayen nama da ƙwan Beljiyam. Ministoci biyu sun ajiye aiki, gwamnatin Jean-Luc Dehaene kuma ta faɗi zaɓen watan Yuni. Duk wannan daga mai da bai cika tano ɗaya ba, a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji da masu sa ido.

Hanyoyin da yake bi ya iso gida

Ya kamata a fayyace wani abu: ba kowane taransifoma ke ɗauke da PCB ba. Akasarinsu man ma'adini ne a ciki, dangin man fetur, kuma sababbin da ake ƙerawa yau ba a sa musu PCB. Waɗanda ake zargi su ne na kafin tsakiyar shekarun 1980. Sai dai taransifoma na iya shekara 30 zuwa 40 yana aiki, a ƙasa mai ƙarancin kuɗi kuma a gyara shi a sake gyarawa. A Nijar, kamfanin wutar lantarki na ƙasa Nigelec ya kafu a 1968, an buɗe mahaƙar uraniyom ta Arlit a farkon shekarun 1970, layin wuta daga Birnin Kebbi ya iso Yamai a 1976, tashar Sonichar da ke aiki da gawayin Anu Araren ta fara aiki a farkon shekarun 1980. Ke nan an shimfiɗa ginshiƙin lantarkin ƙasar a daidai lokacin da PCB ke tashe a kasuwannin duniya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuyar sha'ani. A wurin gyara akan tsiyaye man taransifoma a tace shi a mayar, ko a cika wanda ya ragu da man da aka cire daga wani. Idan famfo ɗaya, tiyo ɗaya, tano ɗaya ake amfani da su, man da ke da PCB na shafa wa mai tsabta. Ma'aunin da duniya ta tsayar shi ne giram 50 a cikin tan ɗaya na mai. Abin da ya haura haka shara ce mai haɗari. A lissafi, kilo ɗaya na PCB ya isa ya ɓata tan 20 na mai mai kyau, wato fiye da tano 100. Da haka sabon taransifoma da aka saya bara zai iya zama gurɓatacce bana.

Daga wurin gyara ko wurin ajiye tsofaffin kaya, hanya ta gaba ita ce kasuwa. Mataccen taransifoma dukiya ce ga ƴan gwangwan, saboda jan ƙarfen da ke cikinsa na da tsada. Kafin a kai ga jan ƙarfen sai an zubar da man ko an ɗure shi a jarka, kuma sau da yawa wuta ake cinna wa wayoyin don takarda da katakon da suka sha mai su ƙone. Nan ne haɗarin ke ninkuwa. Idan PCB ya ƙone a wutar da ba ta kai zafin da ake buƙata ba, yana rikiɗa ya haifar da diyoksin da furan, sinadaran da suka fi shi guba nesa ba kusa ba. An ga haka a birnin Binghamton na Amurka a 1981, inda gobarar taransifoma ta gurɓata wani bene na ofisoshin gwamnati mai hawa 18. Sai bayan shekara 13 aka sake buɗe shi. Hayaƙin da ya rufe wancan bene shi ne saurayin da ke ƙona waya a bayan gari ke shaƙa da hancinsa, tokar kuma iska ta watsa ta kan abincin da ake sayarwa a gefe.

Man da aka ɗure a jarka shi ma yana da masu saye. Injin walda na ƙirar gida, irin wanda ake naɗa wayarsa da hannu a saka cikin akwatin ƙarfe, da man taransifoma ake sanyaya shi, kuma mai walda na tsoma hannu a ciki ba safar hannu. Akan garwaya shi da baƙin mai a shafa wa katako don gara, ko a zuba a injuna. A Kenya an daɗe ana kokawa da ɓarayin da ke farke taransifoma su kwashe man, ana kuma zargin wani kaso na ƙarewa a kaskon masu suyar dankali. A Najeriya ma jami'an muhalli sun fito fili sun gargaɗi masu suyar ƙosai da sauran kayan maƙulashe kan haɗa shi da man girki, abin da ake cewa wasu na yi don man ya daɗe bai ƙone ba. Duk wanda ya san yadda kaya ke kai da komo tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Kano, ya san jarkar mai ba ta neman biza.

Darasin Koko

Kafin a fara maganar gubar da ke cikin gida, Afirka ta Yamma ta fara sanin PCB ne ta hanyar wadda aka yi mata dakonta daga waje. Tsakanin 1987 da 1988, jiragen ruwa sun sauke dubban ganguna a ƙaramar tashar Koko, a jihar Bendel ta wancan lokaci, Delta a yau. Wani ɗan kasuwar Italiya ne ya shirya cinikin, aka shigo da kayan da sunan na aikin gini. An jibge fiye da tan 3,500 a filin wani magidanci da ake biya kimanin dalar Amurka 100 a wata, bai san abin da aka ajiye masa ba. Cikin sharar akwai PCB. Gangunan na cikin rana da ruwan sama, wasu sun kumbura, wasu na yoyo.

Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can, suka aiko wa jaridun gida. Da abin ya fashe a watan Yunin 1988, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta janye jakadanta daga Roma, ta kuma tsare wani jirgin ruwan Italiya a Legas har sai an kwashe sharar. Ma'aikatan da suka yi lodin mayar da ita ba su da kayan kariya na kirki. Wasu sun ƙone a fata, wasu sun yi aman jini. Jirgin Karin B da ya ɗauki kaso na farko ya yi ta yawo a tekun Turai, tashoshi na korarsa ɗaya bayan ɗaya, kafin ya koma Livorno a Italiya.

Abin kunyar ya haifar da dokoki. Najeriya ta kafa dokar ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba, ta kuma buɗe hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar. A watan Maris na 1989 aka amince da yarjejeniyar Basel, wadda ta ce ba a ketare iyaka da irin wannan shara sai ƙasar da za a kai wa da waɗanda za a ratsa sun amince a rubuce. Ƙasashen Afirka sun ga wannan bai isa ba, sai suka haɗu a Bamako a watan Janairun 1991 suka haramta shigo da ita nahiyar kwata-kwata. Nijar na cikin yarjejeniyoyin biyu. Kundin tsarin mulkin 2010 ma ya ɗauki shigo da shara mai guba daga waje, ko ratsawa da ita, ko binne ta a ƙasar, a matsayin laifi ga al'umma baki ɗaya.

Waɗannan dokoki sun tsare ƙofar gida. Ba su ɗauke abin da ke cikin ɗaki ba, wanda aka saya da kuɗi, bisa ƙa'ida, a lokacin da ba wanda ya kira shi guba.

Yadda ake kawar da shi

Hanyar ba ɓoyayya ba ce, kuma matakin farko shi ne ƙidaya. Sai an bi taransifomomi ɗaya bayan ɗaya, na kamfanin wuta da na mahaƙai, masana'antu, asibitoci, otel-otel da barikoki, a duba allon ƙarfen da ke jikinsu: shekarar ƙira, sunan kamfani, irin man. Sunaye irin su Pyralène, Askarel, Aroclor ko Clophen sun isa shaida. Zallar man PCB ya fi ruwa nauyi, yana nutsewa idan an ɗiga shi a ciki, man ma'adini kuwa yana tasowa. Sai dai wannan gwaji ba ya kama man ma'adinin da aka gurɓata, shi ma tasowa yake. Don haka ake ɗibar samfur a gwada yawan kulorin da ƙananan kayan gwaji a nan take, wanda ya nuna alama a aika da shi ɗakin bincike a tabbatar.

Mataki na biyu shi ne laƙaba alama da killacewa. Na'urar da aka tabbatar da ita akan manna mata tambari, a hana a gauraya manta da na wasu, a fara cire waɗanda ke yoyo da waɗanda ke kusa da makarantu, asibitoci, kasuwanni da wuraren sarrafa abinci. Wurin ajiya sai ya kasance da rufi, da daɓen siminti marar tsagewa, da ɗan bango kewaye da zai tare man idan ya zube, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a kulle da mai gadi. A ƙasar da ambaliya ke cin unguwanni kusan kowace damina, inda aka ajiye tanon na da muhimmanci kamar abin da ke cikinsa.

Na uku shi ne lalatawa. Zallar man PCB akan ƙone shi a tanderu na musamman da zafinsa ya haura digiri 1,100, hayaƙin ya tsaya cikin wannan zafi na aƙalla daƙiƙa biyu, a sanyaya shi da gaggawa, a tace shi kafin ya fita. Man da gurɓatarsa ba ta yi yawa ba ana iya yi masa magani da sinadarin sodiyom, wanda ke cire kulorin ya mai da shi gishiri, man ya sake amfani. Gangar jikin taransifoma da wayoyinsa akan wanke su da sinadarai a rufaffen wuri kafin a narkar da ƙarfen. Katako da takardar ciki kuwa sai ƙonawa.

A nan ne gizo ke saƙar. Irin waɗannan tanderu akasarinsu a Turai suke, kamar na Saint-Vulbas da ke kusa da birnin Lyon a Faransa, wanda ya daɗe yana karɓar taransifomomi daga ƙasashen waje. Ga ƙasar da ba ta da teku kamar Nijar, sai an ɗure man a ganguna na musamman, an nemi izinin kowace ƙasa da za a ratsa, an yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota zuwa tashar ruwa, an samu jirgin da zai yarda ya ɗauka. Kowane tan na cin kuɗi masu yawa, kuma rufe iyakar Benin da aka yi a 2023 ya ƙara wa hanyar tsawo. Domin rage wannan nauyi ne Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Asusun Muhalli na Duniya suka tallafa wa wani shirin haɗin gwiwa na ƙasashen yankin masu amfani da Faransanci, har da Nijar, ta hannun cibiyar yarjejeniyar Basel da ke Dakar, don a yi ƙidaya a kuma tattara sharar wuri guda.

Jan ƙafar ba na Afirka kaɗai ba ne. Wani ƙiyasi da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2016 ya nuna kashi 17 cikin 100 kacal na mai da na'urorin da PCB ya shafa aka kawar a duniya, saura kimanin tan miliyan 14. Amma jinkiri na da nasa farashi. Kamfanin General Electric ya kashe fiye da dala biliyan ɗaya da rabi wajen yashe lakar kogin Hudson tsakanin 2009 da 2015, saboda PCB ɗin da masana'antunsa suka zuba shekaru gommai da suka wuce. A 2007 hukumomin Faransa sun hana cin kifin kogin Rhône daga yankin Lyon har zuwa teku. A kwatanta irin wannan hani a kan kifin kogin Kwara a Yamai da Gaya, ko na tafkin Madarunfa, a ga iyalai nawa za su rasa abin sawa a baka. Man da ke cikin tano ana iya ɗaukarsa a kai inda za a lalata shi. Wanda ya shiga laka da rijiya sai dai a yi ta fama.

Abin da ke hannun mai karatu

Nauyin farko na kan masu na'urorin da hukumomin muhalli. Jama'a na da haƙƙin su san adadin taransifomomin da aka gwada, nawa aka samu da PCB, ina aka ajiye su, nawa aka fitar, nawa suka rage. Haka nan bai kamata a yi gwanjon mataccen taransifoma ga ƴan gwangwan ba sai da takardar gwajin da ta nuna mansa na da tsabta. Waɗannan tambayoyi ne da ƙungiyoyin matasa, ƴan jarida da shugabannin unguwanni za su iya yi ba tare da sun jira wani taron ƙasa da ƙasa ba.

Akwai kuma abin da ya rage ga kowa. Duk man taransifoman da ba a gwada ba, a ɗauke shi a matsayin mai guba. Kada a saye shi, kada a shafa a jiki da sunan maganin ƙaiƙayi ko sanyin ƙashi, kada ya kusanci abinci. Tano ko jarkar da ta taɓa ɗaukarsa ba ta ajiyar ruwa ko hatsi ba ce, ko an wanke ta sau goma. Mai walda ya tambayi asalin man da ke cikin injinsa, ya sa safar hannu ta roba mai kauri, ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada ya kai kayan aikinsa cikin wankin iyali. Idan taransifoman unguwa na yoyo, a hana yara da dabbobi zuwa wurin, a sanar da kamfanin wuta da ofishin muhalli ko na magajin gari. Idan ya kama wuta, a nisanci hayaƙin, a rufe tagogi, a kira ƴan kwana-kwana. Uwa mai shayarwa da ke fargaba ta ga likita, amma kada ta yaye ɗanta saboda wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya na nan kan shawararta cewa nonon uwa ya fi.

Ƴan uwa mazauna waje da ke aiko da tsofaffin injuna da kayan lantarki daga Turai, Libiya ko Aljeriya su ma abin ya shafe su. Tsohon taransifoma ko injin masana'anta da aka samu da araha, watakila mai shi ya ga sayarwa ta fi masa sauƙi a kan biyan kuɗin lalatawa. A duba shekarar ƙira, a nemi takardar gwajin mai kafin a biya kuɗin kwantena. Ɗaliban da suka tona asirin Koko ba hukuma ba ce. Matasa ne a ƙasar waje da suka karanta jarida suka tuna da gida.

Zafi zai dawo, wani taransifoma zai sake ƙonewa a wata unguwa a Tawa, Maraɗi ko Yamai. Ranar da motar ta zo ɗaukar tsohon, bayan an tambayi yaushe wuta za ta dawo, ya dace a samu wanda zai tambayi ma'aikatan ko an gwada man, da kuma inda za a kai shi.